Garken da Aka Hana Magani

Ranar Juma'a da sassafe aka tarar da awakin garken yamma a mace. Duk waɗanda suka rage a ciki sun tafi, ciki a kumbure, kumfa a baki, ƙafafu a sanƙare. Na garken gabas kuwa, da zana ɗaya ce ta raba su, suna tsaye suna tuƙa abinsu.

Ni Mutari ina cikin waɗanda suka fara isa, kuma ni na fi kowa ɗaga murya. Akuyar 'yata Rahina na cikin mushen, ja mai farin goshi, wadda na ba ta da hannuna ranar sunan 'yarta Maimuna.

Bari in faɗi abin da ya kai awakinmu garke biyu. Ƙarshen damina zawo ya sauka a Kwarin Gawo, ƙauyenmu da ke bayan Droum. Ya kama awaki, ya kama yara. Inna Shatu tana da wani jiƙon saiwa da ta gada wurin uwarta, wanda take ba dabbobi tun muna yara. Ɗanta Nomau, mai tallar magani a kasuwar Mirriya, ya ce abin da ya tsayar da cikin akuya zai tsayar da na yaro, a ba yara kawai. Tsohuwar ta ce ita ba ta taɓa ba ɗan Adam ba. Madam Munira, malamar dabbobi da aka turo mana daga Damagaram, ta ce zawon akuya daban, na yaro daban, a kai yara likita, wato asibitin Droum. To, kwari ya cika da ruwa, hanya ta yanke, kowa na jin nauyin tafiyar.

Da ta ga ba mu da niyyar motsawa sai ta ce, aƙalla a fara gwada maganin a kan awakin da aka yi shi dominsu. Aka tara marasa lafiya, aka ja ƙuri'a da tsinke, rabi suka faɗa gabas, rabi yamma. Abinci ɗaya, ruwa ɗaya, inuwa ɗaya, amma na gabas kaɗai ake ba jiƙo. Maigari ya yanke cewa idan zuwa Juma'a bambanci ya fito fili, ana saukowa daga masallaci za a ba yara. Madam ta ce ita ba ta yarda da wannan ba. Ba wanda ya saurare ta.

Har yammacin Alhamis biyu suka mutu a gabas, biyu a yamma, sauran suna nan dai jiya i yau. Jikata Maimuna kuwa tun farkon mako take zawo, ta zama kamar tsumma a bayan uwarta. Ni ban damu da gabas da yamma ba, jira nake Juma'a ta yi a ba ta magani.

Shi ya sa da na ga mushen nan na buɗe baki.

"To ga shi nan! Waɗanda aka hana sun mutu, waɗanda aka ba suna tsaye. Me kuma ake jira? Ku kira Madam ta zo ta ga aikin bokonta!"

Ta zo, ta sa safar hannu, ta buɗe bakin akuya ɗaya, ta danna cikinta. Ta miƙe ta dubi Maigari.

"Ranka ya daɗe, ba cuta ce ta kashe su ba. Cutar nan ba ta kwashe garke a safiya ɗaya, ba ta kawo kumfa. Wani ya ba su wani abu."

Wuri ya kaure. Wasu suka ce kunya ce ta sa ta ƙirƙiro zance, wasu suka fara satar kallon Nomau. Maigari ya ɗaga hannu ya ce a kira Alkasum.

*

Alkasum taubashina ne, kuma mai bin sawu. Ni ina cewa bawana ne, shi yana cewa ni ne bawansa, mun tsufa ba a raba gardamar ba. Jandarmomin Mirriya kan aiko masa idan an sace raƙumi. Mutum ne mai ban haushi, wallahi. Idan ka ce masa ana ruwa, sai ya miƙa hannu waje kafin ya amsa.

Ya iso da karan dawa a hannu, ya tsaya nesa yana kallon ƙafafunmu.

"Sannunku da aiki. Kun tattake mini rabin magana. Ku ja baya, har da kai mai babban baki."

"Wace magana kuma? Magani ya yi aiki, shi ke nan."

"Ka gani da idonka?"

"Ga mushe nan!"

"Mushe na gani ni ma. Abin da ya kashe su ne ban gani ba tukuna."

Ya tsaya a ƙofar garken yamma ya daɗe yana duban igiyar da aka ɗaure ta da ita. Ya tambayi wanda ya fara zuwa ko a buɗe ya tarar da ita, aka ce a ɗaure take tamau. Ya shiga yana bin gefen zana, rana a gabansa, yana sunkuyawa yana miƙewa. Ya sa mata suka kawo ƙore da faya-fayai, ya kife su nan da can a kan yashi, ya ce duk wanda ya ɗaga ɗaya shi da Maigari. Sannan ya zagaya baya, ya nuna da karansa. Sawun moto ne, wato babur, sabo fil, ya zo har jikin zana ya juya.

Moto biyu ne a garin nan, kuma ɗayan ya yi wata a kwance ba taya. Mai tafiyar na Nomau ne.

*

Mun sami Nomau a ƙofar gida yana wanke kwalabe, yana shirin bayan Juma'a. Madam Munira ta biyo mu, ranta a ɓace.

"Shi ne," in ji ta. "Wa zai ci riba idan na yamma suka mutu? Tun ran Talata yake cewa za a ga abin mamaki."

Nomau ya miƙe da kwalba a hannu. "Madam, ki iya bakinki. Ni zan kashe dabbar mutane?"

"Zauna, Nomau," in ji Alkasum. "Ka je garke yau da safe?"

Ya zauna, sannan ya ce ya je.

"Yin me?"

Ya ciro waya ya nuna mana. Hoton awakin gabas ne a tsaye, ya ɗauka don ya tura wa masu sayen maganinsa a Mirriya. Ya ce na yamma ya hango su kwance, ya ɗauka barci suke.

"Ƙarya yake," in ji Madam.

"A wannan dai bai yi ba," in ji Alkasum. "Ƙafa ɗaya ya sauke daga moto, ta gefen gabas, bai ko kashe inji ba, ga inda hayaƙi ya hura yashi. Kuma tayarsa ta hau kan sawun wanda ya shiga garken. Wancan ya riga shi zuwa, ya riga shi tafiya."

Na ji daɗi, don ina son Nomau ya fita. Sai Alkasum ya juya ya ce wa Madam ta ɗaga takalminta. Na zaci za ta yi faɗa. Ta ɗaga kawai, ya duba ƙasan, ya gyaɗa kai.

"Naki na jiya da yamma ne, ƙwari sun yi yawo a kansa, raɓa ta kwanta masa. Madam, in tambaye ki. Ke kin ce maganin nan ba ya aiki?"

"Ban ce ba, Baba. Cewa na yi ban sani ba."

"Me zai sa ki sani?"

"In ga na gabas sun tashi, na yamma ba su tashi ba, ba hannun kowa a ciki. A sake, a sake ganin haka. Ranar nan ni da kaina zan ɗauki jiƙon in kai labo, ɗakin gwaji na Damagaram, a duba abin da ke cikinsa. Amma akuyar da aka ba magani ta warke ba hujja ba ce, don wadda ba a ba ba ma tana warkewa."

"Ashe sana'armu ɗaya," in ji shi.

Ta dubi Nomau ta ce ya yi haƙuri, ta yi saurin baki. Ya ce ba komai, amma bai daina wanke kwalabensa ba.

*

Kafin mu kai bakin kasuwa zance ya koma kan Tahiru mahauci. Tun da cutar ta shigo yake bin gidaje yana sayen awakin da suka fara rauni da araha, mutane na jin haushinsa. Alkasum ya tambaye shi inda yake da asuba. Tahiru ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Haba Malam Alkasum! Ni mai numfashi nake nema, in sa mata wuƙa da bisimilla. Mushe me zan yi da shi? Asarar da aka yi yau har da ni, don da sun ƙara kwana biyu, da rabinsu sun zo hannuna."

Ba daɗin ji, amma gaskiya ce. Alkasum ya ce ya ɗauko wuƙarsa ya je garke ya jira Madam, akwai cikin da za a buɗe.

A hanya na ce masa, "Kai dai ka cika neman magana. Sawun wa ka gani a ciki?"

"Silifa."

"To ka bi shi mana!"

"Na bi. Ya hau hanyar rijiya, shanu suka fito kiwo suka shafe shi. Kuma silifan roba ne na kasuwar Mirriya, rabin garin nan shi ke ƙafarsu. Duba taka."

Na duba. Irinsa ne.

"Rana na tafiya, Alkasum. Yarinyar nan ba ta da ƙarfin jira."

"Na sani," in ji shi, ba wasa a muryarsa. "Shi ya sa nake sauri."

*

Inna Shatu tana zaune a tsakar gida, an share ko'ina tas, ba sawun da ya rage. Ba ta fita murna ba kamar sauran mutane. Muka gaisa, Alkasum ya durƙusa gabanta.

"Inna, ya kika ga abin?"

"Ban ji daɗinsa ba, ɗan nan. Ana ta yi mini barka, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Na ga cutar nan shekara da shekaru, ba haka take kisa ba."

"Maganin naki yana aiki?"

"Uwata ta ba, ni ma na ba. Wasu su tashi, wasu su tafi. Waɗanda suka tashi masu su kan zo godiya, waɗanda suka tafi ba mai zuwa ya faɗa mini. Shi ya sa da yarinyar nan ta ce a gwada ban ƙi ba. Ni ma ina so in sani kafin in mutu."

Ban so jin wannan daga bakinta ba. Ni tun ina yaro na san jiƙon Inna Shatu ba ya kuskure.

Ya ce ta nuna masa yadda take haɗawa. Ta kai mu bayan ɗaki, inda wani tulu yake a jikin danga, an rufe shi da faifai. Ta ce wannan ita ce uwar magani. Ludayi ɗaya take ɗiba ta zuba a kwatarniya cike da ruwa, shi ake ba garke guda. Alkasum ya ɗaga faifan, wani wari mai ɗaci ya bugo mu. Ya karkata tulun wajen haske ya leƙa.

"Kin ɗiba yau?"

"Ban haɗa na yau ba tukuna."

"Leƙa ki gani."

Ta leƙa. A jikin tulun daga ciki akwai zoben danshi, ruwan kuwa ya sauka ƙasa da shi da kusan tafin hannu. Ta dafe ƙirji.

"Inna, idan dabba ta sha shi haka, ba sirki?"

"Subhanallahi! Ko sa ne ba zai kai azahar ba."

"Mutanen gari sun san ana sirkawa?"

"Wa ya taɓa tambayata? Su dai su ga na ba su a kwatarniya."

Alkasum ya dubi dangar. Akwai wata kafa da ake miƙo hannu daga waje, duk matan unguwa sun san ta, ta nan suke karɓar aron ludayi da gishiri. Ya miƙe da sauri irin wanda ban saba gani a wurinsa ba.

"Mutari, je ka ce wa Maigari ya tara duk mai akuya a garken yamma. Yanzu, ba bayan Juma'a ba. Kuma kada a ba kowane yaro komai."

*

Hantsi ya ɗaga lokacin da aka taru. Maigari na kan kujerarsa, Nomau da uwarsa a gefe, mata a baya. Tahiru ya riga ya buɗe cikin akuya biyu. Madam Munira ta ce wa Inna Shatu ta matso ta shinshina. Tsohuwar ta sunkuya, ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Nawa ne," ta ce. "Uwar maganin ce, ba sirki."

Can wani ya ce, to ai shi ke nan, wani maƙiyi ya saci magani ya yi guba da shi. Aka sake juyawa ana kallon Nomau da Tahiru.

"Ku biyo ni da ido, kada ku biyo ni da ƙafa," in ji Alkasum.

Ya ɗaga ƙwarya ta farko. Zobe ne a yashi, gindin kwalba. Ya ɗaga ta biyu da ta uku da ta huɗu, duk abu ɗaya ne a ƙarƙashinsu: rami biyu ƙanana a jere, da shafar bakin zane a bayansu.

"Gwiwa ce. Wanda ya zo kisa, a kwamin shan ruwa zai zuba ya gudu, kwamin nan kuwa Madam ta duba, ruwa ne zalla. Wannan mace ce, ta bi awakin ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa, ta riƙe baki ta ɗura. Da ta gama ta fita, ta tsaya ta ɗaure ƙofa da kyau don kada karnuka su shiga. Wanda ya kashe dabba ba ya tsare ta daga kare."

"To me ta zo yi?" in ji Maigari.

"Magani ta zo ba su, ranka ya daɗe. Ta ga an hana su, ta ji tausayi. Ta ɗauka wanda ba a sirka ba ya fi ƙarfi."

Mata suka fara salati. Ni kuwa kaina ya ɗaure, don duk safiyar nan ina ihun an hana awaki magani sun mutu, ashe su ne suka fi shan sa.

Madam Munira ta ce a hankali, "Nan ne na yi kuskure. Bai kamata kowa ya san garken da ake ba ba. Duk wanda ya san an hana akuyarsa ba zai iya barci ba."

"Wannan maganar a yi ta daga baya," in ji Alkasum. "Abin da ya sa na tara ku ya fi awaki. Matar nan da goyo ta zo. Takunta gajere ne, kuma duk tashin da za ta yi sai ta dafa ƙasa. A gindin gawon can ta sauke goyon ta canja masa tsumma, ta rufe wurin da yashi. Na tona. Yaron zawo yake. Abin da aka ɗiba a tulu kuma ya fi abin da awakin nan suka sha. Saura yana hannunta, kuma tun safe tana jin gari na cewa magani ya tabbata."

Yara masu zawo sun fi goma a garin, kowace uwa da silifan roba.

Ya taka zuwa faifai na ƙarshe, kusa da ƙofa, ya ɗaga.

"Da ta shigo, awaki duka sun gudu kusurwa, ga sawunsu can a cunkushe. Guda ɗaya ce ta taho wurinta da kanta, don ta san ta. A nan matar ta fi daɗewa a durƙushe. Akuyar tana da kofato ɗaya a ƙafar baya da ya lanƙwashe waje."

Ya je cikin mushen ya kama ƙafar wata ya ɗaga sama.

"Ta wa ce wannan?"

Ja ce mai farin goshi. Kofaton nan ni nake yanke mata shi duk wata da askata. Na waiga cikin mata ina neman Rahina, sai a lokacin na lura ba ta zo ba.

*

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Na yar da silifa ɗaya a hanya, ban tsaya ba. Ina jin Madam da Alkasum a bayana.

Na faɗa ɗakin ba sallama. Rahina na zaune a bakin tabarma, Maimuna kwance a gabanta. A gefe ga kwalba, ga ƙaramin kofi an rufe shi da murfin kwano, ga cokali a kai.

"Kin ba ta?"

"Baba, lafiya?"

"Kin ba ta, na ce!"

"A'a. Barci ya ɗauke ta, ban so in tashe ta ba. Jira nake ta farka."

Na zauna a ƙasa. Na jawo kofin na buɗe. Baƙi ƙirin, warinsa irin na tulun nan.

"Ke kika je garke?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. "Ni ce. Kullum ina jin kukan akuyata daga nan, an hana ta magani ana ba na wasu. Na ba ta, sauran suka tsaya suna kallona, na kasa barinsu. Amma na makara, Baba, cutar ta riga ta cinye su. Shi ne na ce na makara da akuya, ba zan makara da Maimuna ba. Ba zan jira Juma'a ba."

"Rahina, ba makara kika yi ba. Maganin ne ya kashe su."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. "Ba kai ka ce ba ya kuskure ba? Tun ina ƙarama kake faɗa. Yau da safe ma har nan na jiyo muryarka."

Ta dubi kofin, ta dubi yarinyar, sai ta sa hannu biyu ta toshe bakinta.

Madam Munira ta durƙusa ta taɓa maɗigar Maimuna, ta ja fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba.

"Wannan ba barcin lafiya ba ne, ruwan jikinta ne ya ƙare. Ni ta dabbobi na karanta, wannan aikin majo ne, malamin asibitin Droum. A tafi yanzu."

Nomau ne ya kawo moto, ba wanda ya roƙe shi. A bakin kwari samari suka ɗaga moton a kafaɗa suka haye da shi, ni na ɗora Maimuna a kaina na shiga ruwa har ƙirji, uwarta na riƙe da rigata. Ba nauyi gare ta ko kaɗan, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ranar ban sami Juma'a ba. Kafin la'asar iyaye biyar sun biyo mu da nasu yaran ta wannan ruwan da muka yi mako muna cewa ba ya hayuwa.

*

An yi mata ƙarin ruwa, ta kwana uku a likita, ta dawo tana neman nono da faɗa. Maganar awakin mutane Maigari ya sasanta ta a zaure, ba a kai ga jandarma ba. Inna Shatu ta toshe kafar dangarta da ƙaya, ta ce duk wanda ya sake ambaton jiƙonta da yaro a jumla ɗaya, ko ɗanta ne, ita da shi.

Ita ce kuma ta aika a kira Madam, ta ce a sake gwajin. Wannan karon kwatarniya biyu ake kawowa, ɗaya jiƙo, ɗaya ruwan da aka rina ya yi kala ɗaya da shi. Kowane garke na sha. Maigari kaɗai ya san wace ce wace, ko Madam da ke duba awakin ba ta sani ba. Na tambayi Alkasum wanne yake zato, ya ce shi bai ga sawu ba tukuna. Bawan nan ba zai canja ba.

Na saya wa Rahina wata akuya, ita ma cutar ta taɓa ta, ƙuri'a ta kai ta gabas. Jiya da yamma muna tsaye a bakin zana, Maimuna a kafaɗata tana jan gemuna, Rahina ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Baba, kana ganin tamu na samun maganin?"

"Ban sani ba."

"To yana aiki ma kuwa?"

Na gyara wa yarinyar zama, na ji ɗuminta a wuyana.

"Shi ma ban sani ba, 'yata. Mu jira mu gani."